Yadda na bi diddigin tsohon jirgin faibagilas marar lamba har ya samu rajista

Duk ƙaramin jirgin ruwan da aka ƙera don sayarwa a Amurka daga ranar 1 ga Nuwamba 1972 yana ɗauke da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 12, a bangon bayansa, can sama ta hannun dama. Haruffa uku na farko alamar kamfanin da ya ƙera shi ne. Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ce ke ba kowane kamfani tasa alamar, kuma jerin yana nan a intanet, har da na kamfanonin da suka daɗe da rufewa. Wanda ya sayi jirgi mai wannan lamba ya huta, don a zaune zai san maƙerinsa da shekararsa. Wahalar tana ga jiragen da suka girmi dokar, musamman ƙananan jiragen gudu na faibagilas (faiba a taƙaice, wato haɗin zaren gilashi da danƙon rezin) na ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, waɗanda aka yi wa fukafukai a baya irin na motocin wancan zamani. Da yawansu ba lamba, ba takarda, kamfanin kuma ko sunansa ba a tunawa. Irinsu na saya, kuma na rubuta wannan ne don wanda ya hango ɗaya a bayan gidan wani, ransa ya biya, ya san abin da ke gabansa da kuma abin da ya kamata ya fara yi.

Nawa tsawonsa ƙafa 14 ne, ja da fari, amma rana ta cinye jan har in ka shafa sai ya bar maka gari a tafin hannu. Yana da gilashin gaba na roba mai lanƙwasa, kujeru biyu dogaye, da injin Evinrude mai ƙarfin doki 40 rataye a baya. Mai shi dattijo ne, ya gaje shi daga mijin 'yar'uwarsa. Ya ce mini na 1962 ne, kuma yana kyautata zaton ƙirar Glasspar ce. Ban musa masa ba, na dai rubuta duk abin da ya faɗa a littafina: wa ya fara sayensa, a wane tafki ake hawansa, yaushe aka daina. Wannan hira ita ce takardar farko da jirgin ya samu, kuma daga baya ta yi mini amfani fiye da yadda na zata.

Kafin maganar kuɗi na duba jikinsa. Mutane na cewa faiba ba ta ruɓewa, kuma gaskiya ne, sai dai jiragen wancan lokaci ba faiba zalla ba ne. Akwai katako a ɓoye a wurare uku: cikin bangon baya inda inji ke rataye, daɓen da ake takawa, da dogayen katakan da ke kwance ƙarƙashin daɓen suna riƙe da cikin jirgin. Ruwa yana bin ramukan kusoshi ya shiga, ya rasa hanyar fita, katakon ya ruɓe a ciki alhali waje na nan sumul. Na ɗaga ƙafar injin, na danna ta ƙasa da ƙarfi ina kallon bangon, sai na ga yana lanƙwasawa. Na bi shi da bugu da ƙotar sukundireba. A gefe ƙarar na fita ras, a tsakiya kuwa sai ka ji dum. Da na kwance noti ɗaya, baƙin ruwa ne ya biyo shi. Na nuna wa dattijon, ba don in kushe masa kaya ba, sai don mu yi ciniki a kan gaskiya. Ya fara da dala 900, muka daidaita a 600, jirgi da inji da tirelar da ake jansa a kai.

A nan ne mafi yawan mutane ke yin gaggawa, su miƙa kuɗi su ja kaya su tafi. Na roƙe shi muka zauna muka rubuta takardar ciniki: sunansa da nawa, kwanan wata, tsawon jirgi da launinsa da abin da aka yi shi da shi, lambobin da ke jikin inji, da bayanin cewa babu bashin kowa a kansa. Muka raba kuɗin gida uku, na jirgi daban, na inji daban, na tirela daban, domin a jihohi da dama ba ofishi ɗaya ke kula da su ba, kuma kowanne zai so ya ga nasa adadin kafin ya yanka haraji. Daga nan muka je banki, wurin jami'in da ke shaida sa hannu ya buga hatimi. Ba kowace jiha ce ke neman hatimin ba, amma kuɗinsa 'yan daloli ne, kuma yana rufe bakin gardama. Na kuma tambaye shi ko akwai wata tsohuwar takarda. Ya ce babu, sannan ya tuna da wani gwangwani a gareji. A ciki muka tarar da katin rajista da wa'adinsa ya ƙare shekaru da yawa, da sunan marigayin. Ganin haka na nemi ya ƙara layi ɗaya a takardarmu yana bayyana yadda jirgin ya zo hannunsa ta gado. Da babu wannan layi, da sunan da ke kan kati da sunan da ke kan takardar ciniki ba su haɗu ba, kuma wannan giɓi shi ne abin da ofishin rajista ya fi ƙi.

Tirela ita ce ta fara cin kuɗi. Tayoyinta sun tsattsage, man da ke cikin boris ya bushe, don haka ban hau babban titi da ita ba sai da na sauya su, abin da ya kusa lashe dala 200. Rajistarta a ofishin motoci ake yi. Tsatsa ta cinye farantin lambarta, sai aka tura ni in auno nauyinta a ma'aunin manyan motoci in kawo rasit, aka ba ta sabuwar lamba da faranti. Layi ne kawai da jira, babu wani abin ruɗani.

Ruɗanin yana ofishin rajistar jiragen ruwa. Fom ɗin yana da gurbin lambar shaida mai gida 12, kuma kwamfutar ba ta wucewa gaba in an bar shi fayau. Ma'aikaciyar da na tarar ta yi ta nanata cewa kowane jirgi yana da lambar, in koma in duba da kyau. Na fita raina a jagule, don na san na duba, kuma na san dokar. Da na dawo, na zo da hotunan bangon baya ta kowace kusurwa, da tsohon katin, da shafin hukuma da ke nuna ranar da dokar ta fara aiki, na kuma nemi ganin shugaban sashen cikin ladabi. Shi ya san hanyar. Jirgin da ya girmi 1972 ana cika masa wani fom na daban, jami'i ya zo ya gan shi da idonsa, ya tabbatar ba kankare lambar aka yi ba, ya duba jerin jiragen sata, sannan jiha ta ba shi lamba tata. Sai ya nuna mini gurabe biyu da zan cika da kaina, na maƙeri da na shekara. Na tambaye shi ko ana iya gyara su daga baya. Ya ce ana iyawa, amma sai da hujja a rubuce, kuma aikin ya fi na farko tsawo. Nan take na ninke fom ɗin na sa a jaka. Abin da ka rubuta a waɗannan gurabe biyu shi zai bi jirgin har hannun wanda zai saya bayanka, kuma da haka ne ƙarya ke zama tarihi. Lokacin sanyi ne, tafkuna sun daskare, ba inda zan je da shi, don haka na ba binciken lokacinsa.

Da jikin jirgin na fara, kafin samfefa ko man goge ya taɓa shi. Na jiƙa goshinsa da ruwa, na haska tocila daga gefe da daddare, sai inuwar tsofaffin lambobin rajista ta fito a ƙarƙashin waɗanda ke kai, kamar gurbin da hoto ke bari a bango idan an cire shi bayan shekaru. Tun bayan dokar tarayya ta 1958 jihohi suka karɓi aikin ba jiragen inji lamba, kuma haruffa biyu na farko suna nuna jihar. Sai dai ba kullum suke daidai da na gidan waya ba: Kalifoniya CF ce, Michigan MC, Wisconsin WS. Inuwar da na gani ta nuna wata jiha ce ta maƙwabta, wadda ta zo daidai da tafkin da dattijon ya ambata. A gefen baya kuma akwai rabin tambarin ƙarfe, sauran ya karye, amma ramukan kusoshi da inuwar haruffa sun ba ni tsawon sunan da harafinsa na farko da na ƙarshe. Ba Glasspar ba ne. Da na kwanta rigingine na cusa kai ƙarƙashin rufin gaba, na ga lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta da hannu, danƙon rezin ya rufe ta. Duk wanda ya fara da wanke ciki da injin gurza, da ya share ta bai sani ba.

Inji shi ne babban mai ruɗar mutane. A jikin maƙalinsa akwai ƙaramin faranti mai lambar samfuri, kuma jadawalin lambobin injinan Evinrude da Johnson a bayyane yake, kowa na iya dubawa. Nawa ya fito 1962, wato daga nan dattijon ya samo shekararsa. Amma a wancan zamani dila ne ke haɗa jirgi da inji, kuma mutane kan sauya inji idan sun samu hali. A bangon bayan na ga sawun maƙalin wani inji daban da wasu ramuka da aka toshe. Kenan shekarar inji ba ta faɗi komai a kan shekarar jirgi ba. Haka ƙarafan ɗaure igiya da fitilu da gilashin gaba: kamfanoni irin su Attwood da Perko da Taylor Made suna sayar wa maƙera da yawa kaya iri ɗaya, don haka ganin sunansu ba ya nuna wanda ya ƙera jirgin. Amfaninsu ɗaya ne. Idan akwai lambar rajistar ƙirƙira a bayan ƙarfen, za ka iya nemo shekarar da aka ba da ita, ka san ƙarfen bai girmi wannan shekara ba.

Sai da na karanta tarihin sana'ar sannan na gane dalilin da ya sa irin waɗannan jirage ke da wuyar ganewa. Ray Greene na birnin Toledo a jihar Ohio yana cikin waɗanda suka fara haɗa jirgi da zaren gilashi da rezin tun 1942. Bayan yaƙin duniya na biyu Bill Tritt ya kafa Glasspar a kudancin Kalifoniya, a 1956 aka kafa Glastron a Austin ta jihar Texas, kamfanin MFG da ke zuba gangar jikin motar Corvette shi ma ya shiga ƙera jirage, Lone Star kuwa ya girma har Chrysler ta saye shi a 1965. Waɗannan su ne manya, kuma takardun tallarsu sun wanzu. A gefensu akwai ƙananan maƙera barkatai. Jirgin katako yana buƙatar gwanin kafinta da dogon lokaci, na faiba kuwa in ka samu mazubi ɗaya, da gangar rezin, da bandir na zaren gilashi, da mutum biyu-uku masu juriyar wari, ka zama kamfani. Wasu ma ba sa wahalar zana nasu. Sai su sayi jirgin wani, su ɗauki mazubi daga cikinsa, su sauya fasalin rufi da fukafukai, su manna sunansu. Shi ya sa zaton dattijon bai zama abin mamaki ba. Na auna faɗi da zurfi da tsawon nawa, na kwatanta da ma'aunan da ke cikin takardun tallar manyan, har da G-3 da Glasspar ta fitar a 1959, babu wanda ya zo daidai.

Na bi tsofaffin mujallu, MotorBoating da Popular Mechanics da Popular Science, waɗanda Google Books ta ɗora shafukansu. Sun koya mini salon kowace shekara, amma ƙaramin maƙeri ba shi da kuɗin talla a mujallar ƙasa. A jaridar garinsu yake talla. Don haka na ɗauki hanya zuwa yankin tafkin nan, na shiga laburaren babban garin. Ma'aikacin ya fito mini da kundayen adireshin gari na shekara-shekara, irin waɗanda kamfanin Polk ya riƙa bugawa, masu jera 'yan kasuwa bisa sana'a. A ƙarƙashin maƙeran jiragen ruwa na ga suna mai harafin farko da na ƙarshe da tsawon da nake nema. Ya bayyana a kundin 1958, ya ɓace bayan na 1960. Hannuna har rawa yake lokacin da nake ɗaukar hoton shafin. Daga nan muka koma kan na'urar duba tsofaffin jaridu, kuma shawarar da ya ba ni ta rage mini aiki ƙwarai: in fara da watannin Janairu zuwa Afrilu, lokacin baje kolin jiragen ruwa da shirin bazara. A wata jaridar farkon 1959 na ga tallar, da zanen jirgina, fukafukansa da lanƙwasar gilashinsa, da sunan samfurin, da iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka, doki 35. Wannan adadi ya fi mini komai muhimmanci, domin farantin da ke faɗin iyakar inji da nauyin mutane bai zama dole a kan jirage 'yan ƙasa da ƙafa 20 ba sai daga 1972, kuma nawa ba shi da shi. Ashe injin da ke kai ya fi ƙarfin abin da maƙerin ya yarda da shi.

Ofishin sakataren jiha, inda ake rajistar kamfanoni, ya aiko mini da kwafin takardar kafa kamfanin da ta rushe shi bayan na biya ɗan kuɗi kaɗan na jira wasu makonni. Ƙungiyar adana tarihin gundumar kuma, wadda 'yan sa-kai ke buɗewa wasu ranaku a mako, ta haɗa ni da wani tsoho da ya yi aikin shimfiɗa faiba a wurin yana saurayi. Na je masa da hotuna manya, na bar shi ya yi ta kallo ban katse shi ba. Shi ya bayyana mini cewa lambar da ke ƙarƙashin rufi lissafin jirage ne bi da bi, kuma ya tuna cewa daga shekarar da ta biyo bayan ta tallar sun rage tsayin fukafukan. Na rubuta bayaninsa, na karanta masa, ya gyara wuri ɗaya, ya sa hannu. Tunanin mutum bayan shekaru masu yawa ba hujja ce mai tsayawa da ƙafarta ba, amma da ya haɗu da talla da kundin gari da takardar kamfani, sai 1959 ta tabbata.

Da wannan tulin na koma ofishin rajista. Jami'in dubawa ya zo bayan jira na 'yan makonni, ya zagaya jirgin, ya shafa bangon baya yana neman alamar kankara, ya sa hannu. Aka ba ni lamba mai gida 12 wadda ta fara da alamar jihar sai harafin Z, da umarnin in kafa ta a bangon baya ta dama yadda ba za ta ciru ba sai ta bar tabo. Na biya harajin ciniki da kuɗin rajista, wanda a jihohi da yawa tsawon jirgi ne ke yanke shi. Sunan maƙeri da shekara suka shiga takarda daidai. A wurin inshora ma tulin ya yi aiki, don babu littafin farashi da ya san wannan kamfani. Sai muka yi yarjejeniya a kan ƙima tsayayya bisa hotuna da rasitai.

Sai bayan duk wannan na ɗauki zarto. Na yanke fatar cikin bangon baya na bar ta waje yadda take, na kwashe ruɓaɓɓen katako da hannu, na sa sabon filawud na jiragen ruwa, na rufe kowane rami da rezin kafin kusa ta shiga. Daɓe da katakan ƙarƙashinsa ma haka. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi kuma tana illa ga huhu, don haka takunkumi mai matata da rigar da ta rufe jiki ba abin wasa ba ne. Wajen zaɓen rezin, ifoksi ya fi manne wa tsohuwar faiba, amma jelkot, wato fatar waje mai launi, ta fi zama lafiya a kan foliyesta, saboda haka ka san inda za ka shafa launi kafin ka zaɓa. Kayan aikin kaɗai sun ninka kuɗin sayen jirgin, kuma ba na tsammanin sayar da shi zai mayar da su. Injin na sayar, na nemo mai doki 35 na zamaninsa. Makanike ya sauya masa farfelar roba ta famfon ruwa da kwayil da suka tsage, ya wanke kafireta, ya kuma ja mini kunne a kan gaurin mai: injinan Evinrude da Johnson na kafin 1964 kashi 24 na fetur suke so da kashi 1 na baƙin mai, ba 50 da 1 na waɗanda suka biyo baya ba.

Idan zan ba wani shawara, jerin aikin shi ne abin lura. Takarda tun mai sayarwa yana gabanka, don in ka bar ƙofarsa ba lallai ka sake samunsa ba. Hoto da awo da karanta jikin jirgi kafin gyara, domin samfefa ba ta san bambancin datti da shaida ba. Kada a karɓi shekarar inji a matsayin ta jirgi, kada kuma a cika gurbin maƙeri da zato don kawai layi ya matsa. Ka kira ofishin jiharka tun kafin ka biya kuɗi, ka tambayi abin da suke nema ga jirgin da ya girmi 1972, saboda wasu jihohi suna ba da takardar mallaka, wasu rajista kawai suke yi, wasu kuma sun yafe wa tsofaffin jirage takardar mallakar. Idan bincike ya cije a intanet, ka tafi garin da jirgin ya fara shiga ruwa. Laburare da ƙungiyar tarihin gunduma sun fi sanin ƙaramin maƙeri. Masu tara tsofaffin jirage ma suna da amfani, kamar ƙungiyar Antique and Classic Boat Society da aka kafa a 1975, wadda taron rassanta ke tara mutanen da suka ga ɗaruruwan irin waɗannan jirage, ido ɗaya za su yi wa naka su faɗa maka abin da yake kama da shi.

Kwafin tallar 1959 da shafin kundin gari da bayanin tsohon ma'aikacin na aika wa ƙungiyar tarihin gundumar, suka buɗe wa kamfanin fayil da sunansa. Na haɗa da ma'aunan jirgin da hoton lambar ƙarƙashin rufi da bayanin inda take, don duk wanda ya zo da irinsa ya san inda zai haska tocila, ya kuma kwatanta tasa lambar da tawa.